Yadda Za Ka Zama Ƙusa a Ƙungiyar Jami'an Hulɗa da Jama'a

Ɗan'uwa, ka yi rajista, an rataya maka kati a wuya, amma har yau ko mai gadin ofishin ƙungiya bai san fuskarka ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ni na tsaya maka: kafin taron baɗi za a ajiye maka kujera mai hannu a sahun gaba. Iya aiki ba ya cikin sharuɗɗa.

1. Zo a makare, waya a kunne

Wanda ya zo kan lokaci ya tona wa kansa asiri cewa ba shi da abin yi. Bari sai mai jawabi ya yi nisa, ka turo ƙofa kana cewa, "A'a, gaya wa Darakta ba zan sa hannu ba sai na gani." Amma ka rufe bakin wayar tukuna. Wani abokin aikinmu yana tsaka da yi wa Darakta faɗa ta yi ƙara a kunnensa. Matarsa ce, gas ya ƙare.

2. Kada ka bari bita ta koya maka komai

Sunansa taron ƙara wa juna sani, amma ba wanda ya zo da sanin, balle ya ƙara wa wani. Gyaɗa kai kawai. In aka zo tambayoyi, cafke makirufo ka ce, "Tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Sai ka ba su tarihinka tun daga firamare.

3. Hutun shayi

Nan ne aikin yake. Kana gaisawa da mutum, idonka na bayan kafaɗarsa, ko akwai wanda ya fi shi. Da ka hango Shugaban ƙungiya, saki hannun da ke hannunka, ko na yayanka ne.

"Ranka ya daɗe, jawabinka na bara har yau da shi nake aiki."

Zai iya cewa, "Bara ai ina kwance a asibiti."

Kada ka daburce. "Shi ya sa aka ji rashinka, ranka ya daɗe. Shirunka ma darasi ne."

4. Hoto

Gwiwar hannu aka ba ka, yi amfani da ita. Mutum ɗaya kawai za ka kiyaya, Hajiya Sakatariya, wadda ta fi shekara goma tana tsayawa a daman Shugaba. Wanda ya taɓa ture ta, yanzu daga kunnensa ake gane shi a gefen hoto.

5. Gyara harshenka

A sana'armu ba a korar ma'aikata, ana ba su damar gwada sa'arsu a waje. Rufin ofis ba ya faɗowa, saukowa yake yi. In ka iya faɗin wannan fuskarka ba ta motsa ba, ka ƙware.

6. Ranar da za a neme ka

Ga haɗarin suna: wata rana Shugaba zai tura ka aikin gaske. A ce wani kamfanin sabulu ne, dagwalonsa ya shiga rijiyoyin unguwar da ke bayansa, yara na kwance, iyaye mata sun cika bakin get, ga 'yan jarida. Manaja ya kulle kansa a ofis, ya ce maka ta taga, "Malam, je ka lallaɓa su."

Wata uwa za ta matso da gora, ruwan ciki ya yi kore yana kumfa. Ba za ta ɗaga murya ba.

"Malam, kun ce ruwan lafiyarsa lau. 'Yata na asibiti. Bismillah, sha."

Kada ka sha, kada kuma ka ƙi. Karɓi gorar hannu bibbiyu, juya wajen kyamara, ka ce, "Mama, muna tare da ke a wannan hali. An kafa kwamiti." In ta tambayi su wa ke ciki, ka ce ana kan tuntuɓa. Rijiyar za ta zauna yadda take, kai kuwa a ƙarshen shekara ƙungiya za ta ba ka lambar yabo ta kashe wutar rikici.

A kula

Duk wanda ya bi shawarwarin nan ya bi ne don raɗin kansa. In matan nan suka tare ƙofa suka ce sai ka shanye, kada ka kira ni, ina taro. In kuma ka ce ni na koya maka, zan fitar da sanarwa cewa an yi wa kalamaina mummunar fahimta, ban taɓa ganinka ba, kuma ina tare da iyalanka a wannan hali.