Rasuwar Kwamfutar da Ke Rubuta Mini Waƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da sau uku yana ajiye biro don kunya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutar da Yayata ta bar mini. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburin guga, bayan doguwar jinya.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙe sirri. Ita kaɗai ta taɓa jin ina waƙa. In na rera a waya na tura mata, sai manhajar cikinta ta yi "ƙirrr, ƙirrr", ta zana layuka biyar, ta rataya musu baƙaƙen cokula irin na rubutun kiɗa. Ni da na tsaya a firamare ban iya karanta ko cokali ɗaya ba, amma ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai in kai a buga a takarda, in ajiye a kan fiyanon malamin kiɗa na makarantar da nake shara, ba suna, ba sallama.

Ba ta ƙarya, komai ta ji sai ta rubuta. Atishawar da na yi a tsakiyar waƙa ta huɗu ma ta ba ta cokali guda can sama. Sati biyu yara suna koyon atishawata, Malam yana cewa nan ne gwanintar take, ni kuwa ina bayan ƙofa na toshe baki da gyale.

Ciwon ya fara da tari, sai zazzaɓi, sai batir ya kumbura. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tiiit", muna tsakiyar waƙa ta bakwai, wadda Malam ya riga ya karɓi rabinta, ya sa yara za su kaɗa ranar raba sakamako. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce sai dai haƙuri.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da linzamin kwamfuta mai dama-dama, da waƙoƙi shida da rabi.

Za a naɗe ta a tsohon zanin Inna ranar Asabar, a kai ta makwancinta a ƙarƙashin bencin mai gyara. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin guga. Duk wanda ya gan ni ina murmushi ya yi mini uzuri, ga dalili.

Washegarin rasuwa na tarar da Malam ya tasa rabin takardar a gaba, ya yi tagumi. Na share aji sau biyu. Sannan na juya masa baya, na rungume tsintsiya, na rera sauran waƙar ina kallon bango. Na ji fensir yana gudu a bayana. Da na gama, ya tambayi sunan da zai rubuta a saman takardar. Sai da na faɗa sau uku kafin ya ji.