Rasuwar Akushin da Bai Taɓa Ganin Abinci Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, mai shi yana sanar da rasuwar akushinsa ranar Talata da hantsi, a ɗan ɗakin da yake sassaƙa tun da ya ajiye aiki. Har yanzu ya kasa amsa wa kansa: wanda abu ya mutu a hannunsa garin gyara, mai jinya ne ko mai kisa?

Marigayin ya yi wata tara a duniya, rabinsu yana juyi a kan inji. Mai haƙuri ne. An rarake shi, an goge shi da samfefa har hannu ya yi kanta, bai taɓa cewa komai ba sai "shuuu". In an ƙwanƙwasa gefensa ya amsa "ƙwal", kuma sau da yawa amsar da ake samu a gidan ke nan tun rasuwar uwargida.

Don 'yar mai shi aka yi shi. Ta sha cewa a waya, "Baba, akushi ne fa, ba agogo ba. Ka taho da shi haka nan, jikokinka sun fara tambaya ko murya ce kawai gare ka." Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: sai ya gama.

Kuma ya gama. Mai ya shiga jiki sau uku, jijiyoyin itacen sun fito kamar ruwa. Sai ɗan yatsa ya ji wani tudu a ƙasan ciki wanda ido ba ya gani. Mai shi ya san abinci zai rufe shi. Ya kuma san in babu tudun nan babu sauran uzuri. Ya mayar da shi kan inji, ƙarfe ya ci, ya ƙara ci, marigayin ya ce "ɓas". Yanzu ana hango taga ta cikinsa.

Marigayin ya bar inji ɗaya, ƙarafan sassaƙa uku, rabin kwalbar mai, da buhu biyu na dusar katako, wadda ita ce yawancin jikinsa.

Ba za a ƙona shi ba. An naɗe shi a tsohuwar riga, zai bi motar farko ranar Asabar a kan cinyar mai shi. A gidan 'yar za a karɓi gaisuwa. Kada kowa ya wahalar da kansa zuwa gidan tsohon, ƙofa a kulle take.