Rasuwar Gorar Ruwana Mai Taurin Murfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, nake sanar da 'yan uwana mahaya keke na safiyar Asabar rasuwar gorar ruwana, shuɗiyar nan mai taurin murfi, bayan shekara shida tana maƙale a jikin kekena.

Marigayiya ba ta da ƙyama. An ɗura mata ruwan sukari da gishiri, an ɗura mata ragowar shayi. Har kwaɓin ɗanyen ƙwai da zuma, wanda abokin hawanmu Mai Walda ya rantse yana ƙara ƙarfin cinya, ta wuni da shi cikin rana ba ta kai ƙarata ko'ina ba. In na matsa ta sai ta ce "fiit", in ruwa ya kusa ƙarewa ta ce "ƙwarr". Iyakar maganarta ke nan.

Babban alherinta kuwa rufin asiri. Gorar kowa da haƙori ake jan bakinta ana tafe, tawa sai an sauka an sa hannu biyu. Saboda haka duk ranar da muka kai tsakiyar dogon hawan tudun nan, Dogo da jama'arsa suka wuce ni kamar an aike su, sai in dira in kama kokawa da murfi har numfashina ya dawo. Shekara shida babu wanda ya ce na gaji. Ita ake zagi, ita kuma ta shanye.

Ajali ya zo ranar Laraba. Maiɗakina ta leƙa cikinta, ta ga baƙin da ya kama gindinta, ta yi salati. Na ce ai nan ɗanɗanon yake. Ba ta ko dube ni ba, ta juye mata tafasasshen ruwa. Ina tsaye marigayiya ta motse, wuyanta ya karkace, murfin da ya gagari maza ya faɗo da kansa.

Ta bar keke ɗaya, da mariƙinta na ƙarfe, da ayaba biyu da suka nuna a aljihun bayan rigata, sai ni. Dogo ya riga ya kawo min sabuwar gora, irin mai buɗewa da haƙori, ba tare da na roƙe shi ba. Na yi godiya, amma gaskiya tun lokacin gabana ke faɗuwa.

Za a taru ranar Asabar da ƙarfe bakwai a gidan man da muka saba, kowa ya zo da ruwansa. A tsakiyar hawan za a binne ta, gefen kwalbati. Daga nan ana roƙon kowa, har da Dogo, ya tura kekensa da ƙafa zuwa sama don girmama mamaciya. Haka za a riƙa yi duk Asabar, har sai na sanar da ƙarewar makoki.