Yadda Za Ka Burge Surukinka da Maganin Teku da Ba Ka Gano Ba

Kai da ka daɗe a ɗakin gwaje-gwaje kana niƙa soson teku da dodon koɗi, kana tace ruwansu da fatan wata rana magani zai fito, amma a gidan surukai ko kujerar kirki ba a ba ka, matso kusa. In ka bi waɗannan matakai, na ba ka tabbaci surukinka zai riƙa ambaton sunanka a gaban kowane baƙo. Ba ji na yi ba, gani na yi. Teburinmu ɗaya da wanda ya fara gwada dabarar, wanda muke kira Dokta Gishiri saboda farar rigarsa kullum ƙarnin ruwan teku take yi.

1. Ka samu wanda ya fi ka

Ba a yin ƙarya mai kyau sai da ciwon zuciya. Gishiri ya yi sa'a, mijin yayar matarsa matuƙin jirgin sama ne. Duk ranar da aka taru cin abinci, surukin nasu, tsohon direban tanka mai fama da ciwon suga, sai ya sa matuƙi a damansa yana tambayarsa labarin gajimare. Gishiri kuwa can ƙarshen falo, kusa da fankar da ba ta juyawa.

In an tuna da shi, tsohon ya ce, "Kai kuma har yanzu kana nan kana wanke kifi?"

Ka yi dariya tare da kowa. Ka haɗiye. Abin da aka haɗiye shi ke zama jari.

2. Ka jira ƙaramar nasara, ka hura ta

Wata safiya Gishiri ya ɗiga ruwan wani jan soso a farantin da muka shuka ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Washegari sai ga ɗan fili fes a tsakiyar farantin, ƙwayoyin sun mutu a wajen. Mun yi murna, don da gaske akwai magungunan da asalinsu daga halittun teku ne. Amma kowa a ɗakin ya san tsakanin faranti da bakin majinyaci akwai tafiyar shekaru: a ware sinadarin, a gano siffarsa, a gwada a ɓeraye, a gwada a mutane, kuma mafi yawa a hanya suke mutuwa.

Kai duk wannan bai shafe ka ba. Ka jira matuƙi ya kai tsakiyar labarinsa, ka ajiye cokali, ka ce kamar ba da gangan ba, "Mun samu abin da ke kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari asibiti."

Kada ka ce "a faranti". Kalmomi biyu ne kawai, amma su ne ke raba mutum da kujerar dama.

3. Ka bar "dokta" ya yi maka aiki

Digirinka na nazarin sinadarai ne, ko allura ba ka taɓa yi wa kowa ba. Kada ka gyara wa kowa fahimta. Mai hikima ba ya katse wanda ke yabonsa.

Tsohon ya share hannu, ya dubi Gishiri kamar yau ya fara ganinsa. "Ashe likita muke da shi a gida muna wahala? Taso nan, ɗana. Kai matuƙi, ɗan gusa."

A mota matar Gishiri ta ce, "Maigida, ba kai ka ce mini abin da sauran aiki ba?"

Ya ce, "Ai ban ce babu saura ba."

Ka haddace wannan amsar. Za ka buƙace ta.

4. In an nemi maganin, ka ce sirri ne

Za a nema. Tsohon yana da gyambo a ƙafar hagu wanda ya ƙi warkewa, likitan asibiti ya ɗora shi a kan ƙwayoyi, ya ce kada ya yi fashi. Da Gishiri ya je gaisuwa, sai tsohon ya kwance bandejin ya nuna masa.

"Ɗana, ka ga abin da nake fama da shi. Ɗan ɗebo mini naka ko cokali ɗaya ne."

Nan ne rago ke faɗin gaskiya. Kai gwani, ka rage murya, ka waiwaya hagu da dama, ka ce manyan kamfanonin magani sun sa maka ido, in labari ya fita za su sace aikin. Ka ce ana gab da kammalawa. "Gab" kalma ce mai albarka, ba ta da ranar ƙarewa.

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya yi shekaru a kan hanya, ya san ɓarayi. Ya ce bakinsa alekum. Kafin mako ya zagayo, mai askinsa da mai gyaran motarsa da duk abokan hirarsa na bakin titi sun san sirrin.

5. Kada ka bari gaskiyar ɗakin gwaji ta bi ka gida

A ɗakinmu kuwa aiki ya ci gaba. Muka tace sinadarin, muka ba ɓeraye. Ƙwayoyin cutar sun mutu, babu shakka. Ɓerayen ma haka. Shugabar sashenmu ta tsaya a kan kejin, ta cire tabarau ta ce, "To, mun gano guba mai kyau. A koma a rage masa zafi, in zai ragu."

Gishiri ya wanke hannu ya tafi gida. Da matarsa ta tambayi aiki, ya ce alhamdu lillahi. Bai yi ƙarya ba, ai a kowane hali ana godiya.

6. In abin ya ɓaci, ka gwada gaskiya, ba za ta yi aiki ba

Ranar da surukar Gishiri ta kira shi, ina kusa, na ji muryarta ta waya. Ta ce tana gyaran gado ta tarar da safa cike da ƙwayoyin asibiti a ƙarƙashin katifa. Tsohon ya daina sha tun ranar da aka ba shi sirri. Wai ba zai gauraya maganin ɗansa da na 'yan kasuwa ba, gara ya bar jikinsa a share kafin na gaske ya iso. Ƙafar ta kumbura, yatsun sun fara baƙi, har an kai shi asibiti.

Gishiri ya fita da farar rigar a jikinsa. Na bi shi asibiti, don mai koyar da dabara dole ya ga ƙarshenta. Ya durƙusa a gefen gadon, gaban matarsa da surukarsa da matuƙi, ya ce:

"Baba, ku yafe mini. Ba ni da magani. Abin da nake da shi a faranti kawai ya yi aiki. Ɓerayen da muka ba duk sun mutu. Ni ba likita ba ne."

Tsohon ya dube shi, ya dubi ma'aikaciyar jinya da ke gyara ledar ƙarin ruwa, sai ya kashe masa ido ɗaya. Ya jawo shi kusa ya raɗa masa, "Na gane, ɗana. Akwai baƙon kunne a ɗakin. Ka kawo in sun fita."

Ka ga amfanin gini mai ƙarfi. Ko kai da ka gina ba ka iya rushe shi.

7. Ka bar matarka ta kwashe abin da ka zubar

Matar Gishiri ba ta yi kuka ba. Ta same ni a baranda ta ce, "Malam, ba ni kwalba ɗaya irin ta wajen aikinku, sabuwa, mai launin ruwan ƙasa." Ta je ta gaya wa likita abin da take nufi. Likitan ya ce ko a tulu za ta zuba ba ruwansa, shi dai a sha a kan lokaci, kuma duk da haka sai an shiga tiyata.

Ta juye ƙwayoyin asibitin a kwalbar, ta miƙa wa mijinta. "Ungo. Kai ka fara, kai za ka ba shi da hannunka."

Ya ba shi. Tsohon ya yi bisimilla ya haɗiye, ya ce tun a maƙogwaro ya ji bambanci, har da ɗan gishiri-gishiri. Bai sake fashi ba. An cire masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira.

Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai tsohon ya ɗaga ƙafar ya nuna gurbin, ya kamo hannun Gishiri ya ce, "Ba don yaron nan ba, da duka ta tafi." Gishiri yana zaune a damansa, a kujera mai taushi, idonsa a kan gurbin yatsun. Matarsa tana zuba wa kowa shayi, in ta zo kansa sai ta ajiye butar ta ce ya zuba da kansa.

Na yi maka alkawarin za a ambaci sunanka. Ga shi ana ambata.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma mai sasanta ma'aurata ba. Duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai, na ƙafa ne ko na aure, yana wuyan mai bi. Kada a zo wajen aikinmu neman magani, mai gadi ya gaji da korar tsofaffi masu riƙe da kwalabe. Wanda kuma ya ga dabarar ta yi masa tsada, ya tuna ba shi ya biya ba, surukinsa ne.