Ƙafafun Fara a Garin Haka-Aka-Ce

A wani gari da ake kira Haka-Aka-Ce, akwai wata kwaleji mai horar da malaman nazarin halittu, wato waɗanda za su je su koya wa yara yadda tsiro da dabba da ƙwaro suke. Kwalejin ta yi suna ƙwarai, domin shekara arba'in ke nan tana yaye malamai, ba a taɓa jin ɗalibi ko ɗaya ya fasa kwalba ko ya yanke a yatsa a ɗakin gwaje-gwaje ba. Asirin wannan gagarumar nasara kuwa shi ne, ɗakin a kulle yake. Akwai ma'aikaci na musamman, Sarkin Makulli, wanda aikinsa ya tabbatar kayan aiki ba su tsufa ba. Madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa guda ɗaya ne tal, an naɗe shi da farin ƙyalle kamar jariri ranar suna. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi, ɗalibai su yi layi, kowa ya wuce ta gabansa cikin ladabi, a rubuta cewa ya yi aiki da shi.

Kada ku ce ba a yin gwaji a aikace. Ana yi mana, kowace Laraba. Ɗalibi zai aro littafin zanen 'yan ajin bara ya kwafe, su ma daga na 'yan bara waccan suka kwafa, haka dai har zuwa kan wani bawan Allah da ake kyautata zaton ya taɓa ganin halittun da idonsa. To, hannu ba inji ba ne. A zanen fara, 'yan zaren nan biyu da ke kanta suka riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, kowace shekara su ɗan sauko, har suka iso ƙasa suka tsaya. Daga nan fara ta zama mai ƙafa takwas. Aka buga a littafi, aka danna hatimi.

Za ku ce ko mutanen garin ba sa ganin fara ne? Cinta ma suke yi, da yaji da garin ƙuli. Sai dai kafin ta iso kasuwa an fige mata fiffike da ƙafa, kuma mai ilimi ba ya leƙa inda ake figa.

Hanne ita tana leƙawa, don a tsakar gidansu ake yi. Mahaifiyarta, Inna Yalwa, suyar fara ce sana'arta, tana kuma da 'yar gonar gero a gabashin gari. Da waɗannan biyun ta riƙe Hanne shekara uku a kwaleji. Jarrabawa ɗaya ta rage Hanne ta karɓi takardar shaidar malanta. In ta rasa takardar nan, shekara uku sun tafi a banza, kaskon suya na nan yana jiranta.

Ranar jarrabawa aka ce a zana fara a faɗi yawan ƙafafunta. Ɗalibai ɗari uku suka rubuta takwas. Hanne ta rubuta shida. Washegari shugaban kwalejin, wanda ke riƙe da sarautar Wazirin Hadda, ya aika a kira ta, Sarkin Makulli na zaune a gefensa.

"Ke, na ga shida kika rubuta," in ji Waziri.

"Shida na ƙirga, ranka ya daɗe. Tun ina ƙarama nake figarta. Ga ma guda na zo da ita, a duba."

Ta buɗe kwalin ashana. Waziri ya ja kujerarsa baya, Sarkin Makulli ya tattare riga ya haye benci.

"Fitar da ita!" Waziri ya daka tsawa. "Ƙwaro mai rai a sashen nazarin halittu? A ina aka taɓa yin haka?"

"A ƙirga kawai, Malam."

"Ni zan ƙirga? Shekara ashirin ina koyar da fara. Maƙala goma sha ɗaya na rubuta a kanta. Ke wa ma ya ba ki izinin dubawa?"

Aka riƙe takardarta bisa laifin ganin ido ba tare da izini ba. Da ta koma gida, Inna Yalwa ta saki matsami ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, ƙafar fara ce za ta ci miki shekara uku? Sun ce takwas, ki ce takwas mana! Ke za ki yi tafiya da su?"

"Inna, ke ma fa kin san shida ne."

"Na sani, shi ya sa nake bakin murhu."

Bayan wata biyu, gero ya yi kai, saura kaɗan a yi girbi, sai ga farin dango daga gabas, har suna tare rana. Masu feshi suka iso daga babban birni da motocinsu, suka tsaya a ƙofar gari. Dokarsu ɗaya ce: ba sa fesa magani sai masanan gari sun tabbatar a rubuce cewa fara ce. Sarki Sai-An-Duba na Biyu ya tara majalisa, aka kirawo masana.

Nan fa ake yinta. Malaman da kwalejin ta yaye sun cika fada maƙil, kowa da takardarsa a hammata, amma an rasa wanda zai kamo fara ɗaya. Wani ya kifa hula bai kama komai ba. Wani ya ce shi a ɓangaren zane ya ƙware. Aka nemi ragar kamun ƙwari, Sarkin Makulli ya ce sabuwa ce dal, ba zai bari ta yage a zamaninsa ba. Can sai wani ya tuna da yarinyar nan mai laifi. Hanne ta zo, ta miƙa hannu jikin bango ta cafko ɗaya, ta ɗaga ta a gaban Sarki, ta ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Shida.

Ni ma ina fada a ranar, kuma na rantse na ɗauka magana ta ƙare. Amma ku tuna, in fara ta zama mai ƙafa shida, takardun shekara arba'in sun shiga uku, har da na rabin 'yan majalisar. Sai Wazirin Hadda ya miƙe, fuskarsa fal murmushi.

"Alhamdu lillahi! Allah ya ja zamanin Sarki, an ji daga bakinta. Fara ƙafa takwas gare ta, ga littafi. Wannan kuwa shida. Ke nan ba fara ba ce."

"To mece ce?" in ji Sarki.

"Sabuwar halitta ce, ranka ya daɗe. Gari ya yi sa'a. Sai a kafa kwamiti ya raɗa mata suna."

"Tana cin gero?"

"Littafi bai ambace ta ba, balle abincinta."

Majalisa ta ɗauki kabbara. Galadiman Kwamiti har ya fara rubuta sunayen waɗanda za su zauna.

"Allah ya taimaki Sarki, fara ce!" Hanne ta ɗaga murya. "Littafin ne ya..."

"Ƙafa aka tambaye ki, ba suna ba," in ji Waziri.

Sai dai masu feshi sun ce ba za su juya ba sai wanda ya kama ƙwaron da hannunsa ya sa hannu a rahoto. Waziri ya zaro takarda biyu ya ajiye a gaban Hanne. Ta farko rahoto ne mai layi biyu: na ƙirga ƙafa shida, saboda haka babu fara a garin Haka-Aka-Ce. Ta biyu kuwa takardar shaidar malanta ce, da sunanta a jiki, da daraja ta ɗaya, har da yabo na musamman saboda gano sabuwar halitta.

"Dubi layin farko da kyau, 'yata," ya ce da ita cikin taushin murya. "Akwai ƙarya a ciki? Ke ce mai son gaskiya, ga ta nan mun rubuta miki."

Daga gabas ana jiyo wata ƙara kamar yayyafi a kan kwano, kuma kowa ya san gonar wa ce ta farko a wannan ɓangaren. Inna Yalwa na tsaye a bakin ƙofa cikin jama'a. Hanne ta waiwaya ta dube ta, tsohuwa ta kau da kai, don gonar tata ce, 'yar ma tata ce. Abin ya ba ni tausayi har na sunkuyar da kai, shi ya sa ban ga abin da hannun yarinyar ya yi ba.

Abin da na gani dai shi ne, kafin la'asar motocin feshi sun juya sun kama hanyar birni. A shekarar ba a yi girbi ba. Mutanen gari suka wuni suna cin sabuwar halitta safe da yamma, da yaji da garin ƙuli, suna cewa ikon Allah, ɗanɗanonta sak na fara. Kwamiti kuwa har yau yana zama.

Yanzu haka Malama Hanne ce ke koyar da nazarin halittu a babbar sakandaren garin, kuma an ce 'yan ajinta ba sa faɗuwa jarrabawa. Yara suna sonta, ba ta duka, ba ta zagi. Abu ɗaya ne kawai ba ta yarda da shi ba, komai tsananin zafi: a buɗe taga tana cikin darasi.