Mai Gadin Inno

A shekarun da man fetur ya yi daraja, kowa ya yarda babu abin da zai gagari ƙasar nan. An shimfiɗa tituna, an datse koguna, an shigo da siminti har aka rasa inda za a sauke. Abu ɗaya kawai ya rage: wani kwikwiyo a rugar bayan Gwiwa da ya ƙi barcin dare.

Kwikwiyon na Inno ne. Tun shekarar da fari ya cinye shanu, Allah kuma ya karɓi maigidanta, ita kaɗai ta rage a gidan da 'yan awakinta. Babban ɗanta Daudu ya so mayar da ita Kazaure, ta ƙi. Aka daidaita a kan kare: in ya zauna ya koyi gadi, ita ma ta zauna. In ya ci gaba da kukan da maƙwabta suka kai ƙara a kansa, mota za ta zo ta ɗauke ta. Wata Asabar da hantsi aka turo jikanta Falalu, akawu a ofishin gona, ya gani ya kawo labari.

"...lafiya lau, amarya. Ya kewar miji?"

"Wane mijin? Wanda ake gani shekara-shekara kamar mai karɓar jangali?"

"Ai na ji kin sake wani. Mai ƙafa huɗu."

"Ya fi ka. Shi ko ba komai a gida yake kwana."

"Yana kwana, ko yana hana gari kwana? Kawu ya ce har Roni ana jin sa."

"Wancan ne ya aiko ka?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ka ce masa kunnensa ya cika tsawo."

Falalu ya buɗe jaka ya fito da agogon tebur, jan fenti, mai ƙararrawa biyu a ka.

"Ga magani. Wani Bature mai aikin hanya ya ce a naɗe shi a tsumma a ajiye kusa da kwikwiyo, sai ya ɗauka bugun zuciyar uwarsa ne."

Inno ta kara agogon a kunne, ta saurara, ta miƙa masa.

"Haka zuciyar uwar Baturen take bugawa? Allah sarki. Shi ya sa ba sa iya zama wuri ɗaya."

"Ilimi ne, tsohuwa."

"Da aka kawo mini kai yaye, kuka ka yi har kuraye suka yi ƙaura. Agogo na ba ka? Baya na ba ka."

"To goya shi mana. Zanen goyona yana nan ai."

"A'uzubillahi! Dubi bakinsa, kamar na tsohon tulu. Kare ko ƙofar ɗakina ba ya takawa. Ɗakin da nake sallah? In kori mala'iku saboda ɗan kare?"

"To ina angon yake? In gaishe shi, tunda ya ƙwace mini gida."

Falalu ya zagaya rumfar da ke bakin shinge. Kwikwiyon yana cikin fasasshiyar tukunya a kan ƙaiƙayi, ya miƙe ƙafafu, yana barcin da ko hakimi bai samu ba. Taku biyu daga nan ga tabarma a shimfiɗe, ga matashi, ga fitilar ƙwai. Tabarmar ta riga ta yi gurbi a ƙasa.

"Inno. A nan kike kwana?"

"Malamai sun ce kare ba ya shiga ɗaki. Ba su ce tsohuwa ba ta fitowa waje ba."

"Cikin sauro? Cikin raɓa?"

"Ba komai yake so ba. Ya farka ya ji wani yana numfashi, sai ya koma." Ta gyara bakin tabarmar da ƙafa. "Ba shi kaɗai ne ke farkawa a gidan nan ya saurara ba. Shi dai bai iya yin shiru ba ne."

Falalu ya daɗe yana duban agogon da ke hannunsa.

"In Kawu ya ji kina kwana a waje, gobe mota za ta zo."

"To wa zai faɗa masa? Mijin da ko turmin atamfa bai taɓa saya mini ba, tsegumi ne zai zama kyautarsa ta fari?"

"Tambayar da ya yi mini ɗaya ce: kwikwiyo yana barci?"

"Yana yi?"

Falalu ya dubi tukunyar, ya yi dariya.

"Gani ya kori ji. Na sallama, amarya, da tsohuwar zuma ake magani."

Ya kwance bargon da ya ɗauro a bayan babur ya ajiye a kan tabarmar, ya ce gidan sauro zai biyo motar ranar kasuwa. Ita kuma ta ɗaure masa ƙwan zabi a tsumma, ta ce ya ci ko ya yi kaurin da za a nuna wa dangi.

Da yamma ya shaida wa Kawu Daudu cewa an samu mai gadi a gidan, kuma ba a ƙara jin kuka ba. Bai yi ƙarya ba. Kwikwiyon yana barci tun daga isha'i har rana ta fito. Inno ce take gadinsa.