Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Taurarina Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni ɗalibin nan da ke zama kusa da taga a ɗakin bincike, nake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutata, wadda ta cika da hantsin jiya bayan doguwar jinyar zafin jiki.

Marigayiyar ta ƙare rayuwarta tana lissafin tafiyar wani cincirindon taurari na gwaji, inda cunkoso ya fi na kasuwa. A cikinsu ta yi mini renon matattun taurari biyu, ƙanana masu nauyin tsiya, suna zagaya juna suna matsowa. In irin waɗannan suka haɗe, sararin samaniya kansa yakan girgiza kamar bargon da aka kaɗe, kuma a kan wannan girgizar kundin digirina ya dogara. Baiwar Allah ba ta taɓa ƙorafi ba, iyakarta "fuuu" in aiki ya yi mata yawa.

Ciwon ya tsananta daidai lokacin da wani tauraro na uku ya tunkaro taurarin nan biyu. A irin wannan cunkoso, baƙo yakan tura biyu su haɗe, ko ya raba su har abada. Na cire mata murfi, na yi mata fifita da kwali, na ari fankar maigadi. Ta ce "tiit", ta yi shiru.

Masu cewa a sake lissafin a sabuwar na'ura, mun gode, an gwada da tsohon kwafin da na ajiye. A wannan lissafi, bambancin da bai kai ƙwayar yashi ba yakan sauya hanyar kowane tauraro. A can, biyun nan ko gaisawa ba su yi ba.

Ta rasu ta bar allo mai tabo, da malamina da ke jiran babi na ƙarshe kafin wa'adina ya cika a zangon nan, da matata, wadda na yi wa alkawarin komawa gida da zarar taurarin sun haɗu. Tsoro nake ji, ban ɓoye wa kowa ba.

Gobe da safe za a kai gawar shagon mai gyara da ke ƙasan bene, ko zai iya ciro abin da ta tafi da shi. Ana karɓar gaisuwa a bakin taga, amma don Allah kada a tambayi yaushe zan gama. Masu ɗauka kuma su bi matakala a hankali. Taurarin nan biyu suna ciki, saura ƙiris su haɗu.